Karatun Kallo da Saurare: Waiwaye Kan Ɗalibta a Pittsburgh

Daga cikin fannonin ilimi da zamani ya haifar a rabin ƙarnin da ya wuce, waɗanda magabata ba su ji ko sunansu ba balle su tanadar musu babi a littattafansu, akwai wani fanni da ba kasafai ake ambatonsa a majalisar masu karatu ba, alhali kuwa babu mai taɓa waya ko tsayawa gaban na'urar cirar kuɗi face ya ɗanɗani amfaninsa ko ya sha wahalar rashinsa, shi ne ilimin mu'amala tsakanin ɗan Adam da kwamfuta. Maudu'insa shi ne ɗan wurin nan da yatsa ke haɗuwa da maɓalli, ido kuma ke haɗuwa da rubutu, inda niyyar mutum ko dai ta isa ga muradinta ko ta ɓace a hanya. Allah ya ƙaddara mini zama cikin ɗaliban wannan fanni a Jami'ar Carnegie Mellon da ke Pittsburgh a Amurka, a shekarun da wayar shafawa ba ta riga ta cika hannuwan jama'a ba, kuma da yake yanzu al'amarin ya sauya kama har wanda ya bar shi a wancan lokaci zai yi wuya ya gane shi, sai na ga ya dace in rubuta abin da aka koya mana da yadda aka koyar da shi, kafin a manta cewa an taɓa yin sa a haka.

Pittsburgh gari ne na koguna, inda Allegheny da Monongahela suka gamu suka zama Ohio, kuma da ƙarfe ya yi suna har zuwa shekarun 1980 lokacin da masana'antunsa suka durƙushe, jami'o'i da asibitoci suka gaji matsayinsu wajen ciyar da gari. Makarantar ita kanta attajirin ƙarfe Andrew Carnegie ne ya kafa ta a 1900 domin 'ya'yan ma'aikata su koyi sana'a, kuma wannan jini na sana'a bai bar ta ba, domin cibiyar da aka buɗe wa fanninmu a shekarun 1990 ta tsara digiri na biyu ne a kan shekara guda cur, daga Agusta zuwa Agusta, babu dogon hutu, kuma abin da ake nema ga ɗalibi a ƙarshe shi ne ya iya aikin da hannunsa.

Ɗalibai daga ƙofofi uku suke shigowa. Akwai masu rubuta manhaja, waɗanda hujjarsu ita ce abu ya yi aiki. Akwai waɗanda suka karanta halayyar ɗan Adam, waɗanda ba sa karɓar magana sai an faɗa musu a kan mutum nawa aka gwada, da wace hanya. Sannan akwai masu zane da tsara fasali, waɗanda idonsu kan ga aibin shafi kafin bakinsu ya iya bayyana dalili. Da gangan malamai suke cakuɗa su a rukuni ɗaya, mutum huɗu ko biyar, su bar su da aikin da babu ɗayansu da zai iya gamawa shi kaɗai, har watannin farko su ƙare cikin jayayya wadda a zahiri kan launi ce ko kan wurin da za a ajiye maɓalli, amma a haƙiƙa jayayya ce kan abin da ya cancanci a kira shi dalili. A ganina rabin karatun a nan yake, domin wanda ya yi lokacin sanyi guda a ɗaki ɗaya da mutumin da bai yarda da usulinsa ba, dusar ƙanƙara a waje, rana tana faɗuwa tun wajen ƙarfe biyar, kuma dole gobe su miƙa aiki ɗaya da sunayensu duka a kai, ya koyi wani adabi na saɓani wanda babu littafin da ke koyar da shi.

Ilimin da muka fara gada na awo ne. Allen Newell, wanda ginin da cibiyar take ciki ke ɗauke da sunansa tare da na abokin aikinsa Herbert Simon, ya haɗu da Stuart Card da Thomas Moran na cibiyar binciken Xerox a Kalifoniya suka wallafa littafi a 1983 wanda ya ɗauki mutum a gaban kwamfuta a matsayin abin da za a iya lissafawa, har suka ƙayyade wa kowane motsi lokacinsa: kai linzamin kwamfuta zuwa wani wuri sakan 1.1, ɗauke hannu daga allon rubutu zuwa linzami sakan 0.4, ɗan tsayawar da zuciya kan yi kafin ta ba da umarni sakan 1.35. Sai a ba ɗalibi fasali biyu na aiki ɗaya, ya zauna da fensir ya jera kowane dannawa da kowane tunani, ya tara, ya faɗi wanda ya fi sauri tun ba a gina ko ɗaya ba. Matasan yau kan ɗauki wannan a matsayin ƙwaƙwa irin ta mutanen da, amma ni ina girmama shi, saboda labarin da ake ba mu a aji na kamfanin tarho na NYNEX, wanda ya yi niyyar saya wa ma'aikatansa masu haɗa kira sababbin na'urori da kowa ya ɗauka sun fi tsofaffin sauri, sai Wayne Gray da Bonnie John da Michael Atwood suka yi lissafi irin wannan suka ce a'a, sababbin za su fi jinkiri, kuma gwajin da aka yi a wurin aiki ya gaskata su. Wanda ya ji wannan ya san cewa zato, ko da na ƙwararru ne, ba ya tsayawa a gaban tahaƙiƙi.

Tare da awo akwai wani darasi da ake maimaitawa har ya zauna, kuma a jihar Pennsylvania ɗin da muke zaune abin ya faru. A watan Maris na 1979, a tashar makamashin nukiliya ta Three Mile Island kusa da Harrisburg, wani bawul ya maƙale a buɗe, ruwan sanyaya yana tsiyaya, ma'aikata kuwa suna kallon fitilar da suka fahimta a matsayin shaidar cewa a rufe yake, alhali abin da fitilar ke nunawa kawai shi ne an aika masa da umarnin rufewa. Fiye da sa'o'i biyu suka shuɗe kafin a gane. Tambayar da malami kan jefa wa aji ita ce wa ke da laifi, kuma duk wanda ya yi gaggawar cewa ma'aikatan ne, sai a mayar da shi ga fitilar ya sake dubawa. Daga nan ɗalibi ke fara fahimtar cewa abin da ake kira kuskuren mai amfani, sau da yawa bashi ne da mai tsarawa ya ci ya bar wa wani biya.

Amma awo yana da iyaka, kuma wata masaniyar al'adun al'umma mai suna Lucy Suchman ce ta nuna iyakar tasa, lokacin da ta ɗauki hoton bidiyon wasu manyan masana biyu a cibiyar Xerox suna fama da injin kwafi, suna karanta umarninsa suna ɗaga murfi suna saukewa ba tare da sun cimma buƙata ba, ɗaya daga cikinsu kuwa Newell ne da kansa. Littafinta na 1987 ya kafa hujjar cewa mutum ba ya tafiya a kan tsarin da ya shirya tun farko kamar jirgin ƙasa a kan dogo, yana duba halin da yake ciki ne a kowane mataki ya sake shawara, injin kuma bai ga komai daga wannan hali ba sai ɗan abin da aka danna masa. Zuwa lokacin da muka zo, an riga an haɗa mazhabobin biyu a manhaja ɗaya, ana koyar da lissafi da safe, da yamma kuma a tura mu mu je mu kalli mutane.

Wannan kallo shi ne zuciyar karatun, kuma shi ne abin da ya fi wuya, ko da yake kayan aikinsa ba su wuce takarda da almakashi da gam ba. Rukuni kan zana fuskokin manhajar da suke tunani a kan kwali, kowane shafi daban, kowane ɗan akwatin saƙo a yanke shi daban, sannan a gayyato mutumin da bai taɓa ganin abin ba, a karanta masa takardar yarda wadda ke ba shi 'yancin tashi a duk lokacin da ya so, a tabbatar masa cewa aikin ɗalibai ake jarrabawa, shi ba a jarraba shi. Ɗalibi ɗaya ya zama kwamfutar, aikinsa shi ne ya sauya takarda idan an danna wurin da ya dace, ya kuma zauna kamar dutse idan an danna wurin da bai dace ba; wani yana rubutu; wani kuma yana jagoranci, ba a yarda ya ce komai ba sai tunatar da baƙon ya ci gaba da faɗin abin da ke ransa a bayyane, hanyar da Simon da Anders Ericsson suka shimfiɗa mata ginshiƙi na ilimi a 1984. Na ga wani dattijo da ya yi ritaya daga masana'antar ƙarfe, mai kaurin yatsu, an ba shi samfurin na'urar sabunta magani a kantin magani, ya ɗora yatsansa a kan kanun shafin yana zaton maɓalli ne, ya jira, babu abin da ya motsa, ya sake dannawa da ƙarfi har kwalin ya lanƙwashe, yarinyar da ta zana shafin kuwa, wadda ita ce kwamfutar a ranar, takardar da yake nema tana hannunta a ƙarƙashin tebur, fuskarta ta yi ja, amma ba ta da izinin miƙa masa. Can sai ya janye hannunsa ya ce laifinsa ne, shi dama bai iya waɗannan abubuwa ba. Mai jagoranci ya ce masa, "Baba, me ka yi tsammanin zai faru da ka danna nan?" Dattijon ya yi bayani dalla-dalla, kuma bayaninsa ya fi tsarin da muka kwana muna yi ma'ana.

Babu laccar da za ta yi wa ɗalibi abin da wannan shiru ke yi masa. Mutum ya zuba basirarsa a abu, ya ƙawata shi, ya kare shi a gaban abokansa, sannan a zaunar da shi a hana shi magana ya kalli bawan Allah yana shan wahala da shi, har ma yana neman afuwa a kan laifin da ba nasa ba; wanda ya ga haka sau da yawa, girman kai na sana'a kan fita daga zuciyarsa, tawali'u ya shiga, ya kuma daina cewa mutane ba su da fahimta.

Daga ɗakin gwaji sai fita waje. Hanyar da Hugh Beyer da Karen Holtzblatt suka tsara a ƙarshen shekarun 1990 ta ginu ne a kan cewa mai bincike ya je wurin aikin mutum a matsayin almajiri, ma'aikacin kuma shi ne malami, kamar dai yadda mai neman ilimi kan zauna a zaure ya lura da abin da malam ke yi fiye da abin da yake faɗa, domin gwani ba ya iya ba da labarin gwanintarsa cikakke, sai an gan shi yana yi. Haka ɗalibai ke bin ma'aikatan jinya da masu karɓar kiran gaggawa da ma'aikatan ofis, su ga 'yar takardar da aka manna a gefen kwamfuta, su ga littafin da ake ɓoyewa a aljihun tebur saboda manhajar hukuma ba ta da gurbin abin da ake buƙatar rubutawa. Idan aka dawo, kowace lura a rubuta ta a 'yar takarda mai gam, ɗaruruwa, a manna su a bango, a yi ta matsar da su ana haɗa masu kama da juna har dare ya raba, kanun kowane gungu kuma a rubuta shi da bakin mutumin da aka ziyarta, kamar shi ke magana, domin kada muryar ɗalibi ta danne tasa. Da wannan shiri ake shiga babban aikin ƙarshe, daga Janairu zuwa Agusta, inda wani kamfani ko wata hukuma, har da hukumar sararin samaniya ta NASA wadda ta daɗe tana kawo ayyuka, kan miƙa wa rukuni matsala ta gaske, su yi watanni suna bincike kafin a yarda su gina komai.

Sai 2007 ta zo da iPhone, Android ta biyo baya, kwamfuta ta bar tebur ta koma aljihu, fannin da a da sai an yi wa iyaye dogon bayani kafin su gane abin da ɗansu ke karantawa ya zama sana'a mai albashi wadda kamfanoni ke rububin masu ita, makarantu suka yawaita, har da na makonni kaɗan. Kayan aiki suka yi sauƙi ƙwarai. Manhaja irin Figma, wadda ta fito a 2016, ta sa ɗalibi na iya fitar da samfuri mai sheƙi a yini guda, kuma wannan ni'ima ce da ba zan raina ba, sai dai samfurin kwali yana da wata fa'ida da mai sheƙi ya rasa, ita ce baƙo ba ya jin nauyin kushe shi, mai shi ma ba ya jin ciwon yaga shi. Abin da ya fi wannan girma shi ne sauyin ma'auni. Kamfanin da ke da miliyoyin masu amfani ba ya buƙatar gayyato dattijo ɗaya, yana iya nuna wa rabin jama'a fasali ɗaya, rabi kuma wani, ya ƙirga dannawa, kamar yadda aka ruwaito a 2009 cewa Google ta gwada launin shuɗi iri 41 don ta ga wanda aka fi dannawa. Ƙidaya irin wannan tana faɗin abin da mutane suka yi da inganci wanda ɗakin gwaji ba zai kai ba, amma ba ta faɗin dalili, ba ta kuma bambance wanda ya danna don ya samu biyan buƙata da wanda ya danna don an ruɗe shi.

A nan ne mas'alar ta tashi daga fasaha ta koma amana. Ilimin da aka tara domin a sauƙaƙa wa mutum hanya, shi ne dai ilimin da ake iya amfani da shi a toshe masa hanyar fita, a ɓoye maɓallin soke rajista, a sa shafi ya yi ta zubowa ba ƙarshe har mai kallo ya manta da lokaci. A 2010 Harry Brignull na Ingila ya fara tattara irin waɗannan dabaru na yaudara yana ba su sunaye domin a gane su, a 2014 kuma aka wallafa binciken da Facebook ta yi a kan mutum kusan 689,000, inda aka sauya musu abin da suke gani na mako guda don a ga ko yanayin zuciyarsu zai sauya, ba tare da an nemi yardarsu a kan wannan gwaji ba. Ba za a ce magabatan fannin sun gafala da wannan ba, domin a Pittsburgh ɗin nan Robert Kraut da Sara Kiesler da abokan aikinsu suka bi mutum 169 a gidaje 73 da aka sa wa intanet, suka wallafa a 1998 cewa yawan amfani da ita ya zo da ɗan ƙarin kaɗaici da damuwa, sannan da suka sake bibiya suka ga yawancin wannan illa ta gushe, suka fito suka faɗa a 2002, wanda hakan shi ne halin malamai na gaskiya. Sai dai a zamaninmu tambayar maslaha da mafsada tana gefen karatu ne, yanzu kuwa ta shigo tsakiya, ɗalibai suna muhawara a kan sirrin mutane da adalcin lissafin na'ura da haƙƙin makafi da kurame a kan kowace manhaja, kuma a wannan fuska na yarda ɗaliban yau sun fi mu.

Inda nake jin tsoro shi ne wajen zaman nan na kusa. Annobar 2020 ta mayar da bangon takardu zuwa allon intanet, ziyarar wurin aiki ta zama hira ta bidiyo, inda ake ganin fuskar mutum amma ba a ganin teburinsa, kuma da yawa ba su koma yadda suke ba bayan an buɗe gari, saboda sauƙi da arha. Tun ƙarshen 2022 kuma ga ƙirƙirarriyar basira, wadda ke zana shafi, ta rubuta manhaja, ta taƙaita hirar sa'a guda a layi goma, har wasu na ba da shawarar a sa ta ta yi kamar ita ce mai amfani a yi mata tambayoyi, a huta da neman mutane. Wannan na ƙarshe ban ga yadda zai halatta a ilimi ba, domin na'urar daga rubutun da aka riga aka yi take ɗebo amsarta, abin da ɗalibi ke fita nema kuwa shi ne abin da ba a taɓa rubutawa ba, wanda mai shi ma bai san ya sani ba sai da aka gan shi yana yi.

Hujja mafi ƙarfi da na sani a kan haka daga aikin wata ɗaliba ta fito. Nithya Sambasivan, tana karatun digirin digirgir, ta zauna da mata a unguwannin talakawa na Bangalore a Indiya, ta wallafa tare da abokan bincikenta a 2010 cewa da yawansu suna cin moriyar waya ne ta hannun wani, ɗa ko maƙwabci wanda ya iya karatu, shi ke dannawa, ita ke da buƙata. Yawancin ginin fannin tun daga 1983 ya tsaya ne a kan zaton mutum ɗaya da na'ura ɗaya, kuma rajistar kamfani ba za ta taɓa ƙaryata wannan zato ba, tunda abin da take gani shi ne an shiga, an danna daidai, an fita. Mai karatu a Kano ko Maradi ya san wannan hali ba sai an kai shi Indiya ba: tsohuwar da ke miƙa wa jikanta waya ya duba mata ko kuɗin ya shigo, da mutumin da ke faɗa wa mai POS lambar sirrinsa ya danna masa, da ɗimbin jama'ar da suka zaɓi saƙon murya a WhatsApp saboda ya fi musu rubutu, musamman a allon da ƙ da ɗ da ɓ suke ɓoye ko babu su sam. Ɗalibin da ya zauna a rumfar irin wannan mai POS zai dawo da tambayoyin da ya wajaba tsari ya amsa, wato yadda za a kare asusun da mutum biyu suka san lambarsa, da yadda mai kuɗin za ta ji adadin da aka tura da kunnenta, cikin harshenta, kafin wanda ke riƙe da wayar ya danna amincewa.